Tulin sharar yuraniyom na Akuta: wa ke auna iskar da muke shaƙa?

Ibro Akokan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna maganar tulin sharar da ke gefen garinmu Akokan, kusa da Arlit a arewacin Nijar, don na lura tun da siyasa ta ɗau zafi kowa ya koma kan wa zai mallaki yuraniyom, an bar maganar abin da aka bari a ƙasa. Kamfanin COMINAK ya fara fitar da ma'adini daga ramin Akuta a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da kusan tan 75,000. Wannan ya tafi ƙasashen waje. Abin da ya rage mana shi ne dutsen da aka niƙa aka tace, kusan tan miliyan 20, a kan fili mai hekta 120, a wani wurin tsayinsa ya kai mita 35. Tsarin da aka sanar shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, aikin shekara 10, kuɗinsa wajen Yuro miliyan 150. To, ni tambayata: wa ke auna iskar gari, ina aka kafa na'urorin, kuma ina talaka irina zai je ya karanta lambar da ta fito? Na tambayi makwabtana, manya da yara, babu mai amsa.

Hajiya Zainabu:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka Ibro. Wallahi duk ranar da iska ta taso da ƙura sai na kife kwanukan abinci na tara yara a ɗaki, gabana na faɗuwa. Ƙurar hamada ce ko ta tulin nan ce, ido ba ya bambancewa.

Baba Mamman (tsohon ma'aikacin rami):
Ibro ɗana, a yi adalci. Ana aunawa. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashin ƙasa, mita 250 ƙasa da inda kake zaune, kowa na ɗaure da 'yar na'urarsa a ƙugu, ƙarshen wata a karɓa a duba abin da jikinsa ya ɗauka. Manyan fankoki na tura iska cikin rami dare da rana saboda radon, iska mai cutarwa da ke fitowa daga dutsen yuraniyom. A cikin gari ma akwai wuraren da aka kafa na'urori, kuma ana kiran taro da hukumomi da ƙungiyoyin farar hula a gabatar da sakamako. Kada yaran yanzu su ɗauka an yi shekara 43 ana aiki ido rufe.

Ibro Akokan:
Baba, ban musa ba, kuma girmanka ya fi ƙarfin in yi jayayya da kai a kan abin da ka gani da idonka. Amma taron da mutum 40 ko 50 suka shiga, aka yi shi da Faransanci, me ya isar wa Hajiya da ke kife kwanuka?

Maryama (ɗalibar kimiyya, Kano):
Salam. Ku ba ni dama in ɗan yi bayanin abin da ke cikin tulin, don sai an san shi za a gane abin da ake aunawa. Masana'anta yuraniyom kaɗai take cirewa daga dutsen. Sauran sinadaran da ke tare da shi, irin su toriyom da radiyom, suna nan cikin sharar, shi ya sa kusan kashi 80 cikin 100 na tiririn nukiliya (wanda ido ba ya gani amma yana cutar da jiki) da ke cikin dutsen asali bai je ko'ina ba. Da yana ƙulle cikin dutse a zurfin ƙasa, yanzu an mai da shi gari an tara a sarari.

Radiyom yana fitar da iskar radon kullum. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a matsayi na 2 wajen jawo kansar huhu, bayan taba sigari. Abin da ke taimakonmu shi ne ba ta da tsawon rai: kafin a cika kwana 4 rabinta ya lalace. Hikimar lulluɓewa da yumɓu ke nan, a rage mata gudu har ta mutu a hanya kafin ta fito sarari. Amma uwar da ke haifar ta ba ta mutuwa da wuri. Radiyom sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, toriyom ɗin kuwa wajen shekara 75,000. Don haka murfin nan ba na zamaninmu kaɗai ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da Arlit. Yumɓu ya fi tare radon idan yana da ɗan danshi. In ya bushe ƙurmus ya tsage, iskar ta samu hanya. Ga zafin hamada, ga iska mai ɗibar ƙasa, ga ruwan sama da ba ya zuwa sai jefi-jefi amma in ya zo ya zo da ƙarfi ya yi zaizaya. Shi ya sa ake ɗora dutse a sama, kuma shi ya sa awo bayan an gama aiki ya fi awo lokacin aiki muhimmanci.

Hajiya Zainabu:
Shekara dubu nawa kika ce, 'yata? Innalillahi.

Injiniya Lawali (Yamai):
Maryama ta yi bayani daidai. Bari in ɗora da yadda ake awon kansa, tunda fannina ne, ko da yake ba a ma'adinai nake aiki ba.

Abin da ake bi a iska kashi uku ne: radon, ƙura mai ɗauke da burbushin ma'adini, da tiririn da ke fitowa kai tsaye daga ƙasa ko ƙarfe. Na ƙura, ana kafa akwati a kan sanda, cikinsa da ɗan famfo mai zuƙar iska ta cikin matata, bayan wata guda a cire matatar a kai ɗakin gwaji. Na radon akwai mai sauƙi, ɗan gwangwani ne da ledar musamman a ciki, a ajiye shi wata 2 ko 3, a ƙirga tabon da iskar ta bari a jikin ledar. Sai a haɗa da na ruwa da na abinci a fitar da lamba ɗaya ta shekara. Ƙa'idar duniya ita ce abin da masana'anta ta ƙara wa mutumin gari kada ya wuce milisiba 1 (ma'aunin tiririn da jiki ya ɗauka) a shekara, ma'aikaci kuma 20. Orano, kamfanin Faransa mai babban hannun jari a COMINAK, na cewa sakamakonsa yana ƙasa da wannan iyaka.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmomin nan, abin da ta ƙara. Ƙasar Arlit da ma tana da nata tiririn na halitta, don haka sai an zaɓi wani wuri nesa a ce nan ne ma'auni, a debe lambarsa daga ta gari. Wanda ya zaɓi wurin ma'aunin ya riga ya taɓa sakamako tun kafin a fara. Haka wurin kafa na'ura: da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya. In na'ura ba ta bayan tulin ta inda iska ke bi, za ta ba ka lamba mai daɗi alhali unguwar da ke can gefe tana shaƙa. Kuma radon ya fi taruwa da dare zuwa asuba, lokacin da iska ta kwanta, musamman cikin ɗakin da aka rufe ruf saboda sanyi. Matsakaicin lissafi na shekara yakan ɓoye wannan duka. Ba ina cewa an yi maguɗi ba. Ina cewa awon da hannu ɗaya ya yi, ya kuma bayar da sakamakonsa, dole a samu hannu na biyu ya maimaita shi.

Baba Mamman:
Injiniya, ai gwamnati na da nata masu duba wa.

Injiniya Lawali:
Akwai, Baba. Akwai hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya, akwai kuma cibiyar binciken sinadarai masu tiriri a Jami'ar Abdou Moumouni. Masana muna da su. Amma daga Yamai zuwa Arlit tafiya ce ta sama da kilomita 1,000, ga halin da hanyar take ciki. Zuwa duba aiki lokaci-lokaci daban, zama da na'urarka a wurin shekara da shekaru daban. Ni abin da nake so in gani shi ne tashoshin awo na ƙasa, da kuɗin ƙasa, a cikin unguwannin Akokan da Arlit.

Ɗan Ƙasa 227:
Ku dai ku faɗi gaskiya ku huta. Faransa ta kwashe arzikinmu sama da shekara 50, ta haska garuruwanta da wutar nukiliya, ta bar mana guba da duhu. Yanzu Allah ya kawo ƙarshen abin, an karɓe lasisin ma'adinin yuraniyom na Imouraren daga hannun Orano a 2024, an mai da SOMAIR, ɗaya kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Su zo su kwashe shararsu su kai can. Ba mu son lulluɓi.

Maryama:
Yayana, na fahimci zafin zuciyarka. Amma kwashe tan miliyan 20 ba ƙaramin abu ba ne, kuma tonon kansa ƙura zai tayar. A Amurka akwai garin Mowab, inda suka shiga aikin kwashe tuli mai kusan tan miliyan 16 daga bakin kogin Kolorado. Da jirgin ƙasa ne, zuwa wani wuri mai nisan kilomita 50 kacal, sun fara tun 2009, aikin ya ci sama da shekara 15. Ga kuɗi ga layin dogo ke nan. A dokarsu kuma murfin irin wannan tuli dole a tsara shi ya kai shekara 1,000, in ya gaza ƙwarai 200, kuma gwamnati ce ke riƙe da wurin tana dubawa ba ranar dainawa. Mu abin da aka ambata a tsarin Akuta shi ne sa ido na aƙalla shekara 5 bayan kammalawa. Nan ya kamata mu tsaya mu yi magana da ƙarfi.

Baba Mamman:
Ɗan Ƙasa, ka saurare ni. Ƙasarmu ma tana da hannun jari a COMINAK ta hannun SOPAMIN, kamfanin ma'adinai na gwamnati, kashi 31 cikin 100. An ci riba tare. SOMAIR kuma da ka ambata, tun 1971 take aiki, tana da nata tulin, yanzu ya dawo wuyanmu gaba ɗaya. Ranar da ita ma za ta rufe, wa za mu ce ya zo ya kwashe? Ba na kare Bature. Amma mutum 600 ne suka rasa aiki ranar da aka rufe Akuta, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma wasunsu aikin gyaran nan ne ya riƙe su. Ni tsorona kada rigimar manya ta sa aikin ya tsaya rabi da rabi, wani gefe a rufe wani a buɗe.

Ɗan Ƙasa 227:
Baba, na ji. Amma wanda ya ɓata shi zai biya, a nan ba zan sauka ba.

Ibro Akokan:
Babu mai cewa ka sauka. Ni ma haka nake gani: kuɗin gyara na kan wanda ya haƙa, gwargwadon hannun jarinsa. Sai dai iska ba ta jiran kotu ta yanke hukunci. Ko wa ya ci shari'a, yaranmu na numfashi yau.

Hajiya Zainabu:
Ni ku bar ni da manyan maganganu, ku amsa mini wannan. A gidanmu akwai wani tsohon bututun ƙarfe da maigida, Allah ya jiƙansa, ya sayo a kasuwa aka yi azara da shi a rumfar tsakar gida. A ƙarƙashinta nake girki, a nan jikoki ke barcin rana. Daga inda ƙarfen ya fito, mai sayarwa ma bai faɗa ba. Cikinsa akwai wani farin abu da ya daskare. Yana da illa?

Injiniya Lawali:
Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa muhimmanci, don wannan matsala sananniya ce. A watan Disambar 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, mai binciken tiriri, ta zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar 'yan gari Aghirin'man ta su Almoustapha Alhacen. An riƙe musu manyan kayan awonsu a filin jirgin Yamai, amma da 'yar ƙaramar na'urar da ta rage suka gano tsofaffin ƙarafa masu tiriri a kasuwa. A Nuwambar 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta zo, ta samu wani wuri a titin Akokan da tiririnsa ya ninka na al'ada kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da suka fito daga rami. A samfurin ruwa 5 da ta ɗauka, 4 sun wuce iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan haka kamfanin ya bi tituna da na'ura ya kwashe wuraren da aka gano. Ki lura, duka biyun baƙi ne suka zo da na'urarsu kafin abin ya fito fili.

Game da bututunki: ba kowane ƙarfe ne ke da illa ba, farin abin ma yana iya zama gishirin ruwa ne kawai. Amma bututun da ya ɗauki ruwan masana'anta, a irin wannan daskararren abu radiyom ke maƙalewa. Kada a kankare shi, kada a yanka, kada a kai wa maƙeri ya narka. Ki matsar da girki da shimfiɗar yara daga ƙarƙashinsa har a auna. Awon ba ya cin minti 5 in an samu na'ura.

Hajiya Zainabu:
To, na gode Injiniya. Yau ɗin nan zan mai da murhu bakin zaure.

Malam Sani (Anka, Zamfara):
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan Nijar ba ne, amma maganarku ta taɓa ni, don mun ga irin wannan a gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukanmu, su Dareta da 'Yargalma da Abare, saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Bagega sai 2013 aka yi mata gyara saboda jinkirin sakin kuɗi, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara ba yaran can magani ba sai da aka share, don in ka wanke jinin yaro ka mai da shi gida mai guba aikin banza ka yi.

Abin da nake so in gaya muku shi ne yadda mutane suka yarda da aikin. Masu gyara suna da wata na'ura ta hannu, a dafa bakinta a ƙasa, cikin ɗan lokaci lamba ta fito. A tsakar gida ake yi, matar gida na tsaye tana kallo. A nuna mata lambar, a kankare ƙasar sama a kwashe, a zubo sabuwa mai tsabta, a sake dafawa a nuna mata. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun riƙe lambar gidansu a ka. Da farko wasu magidanta sun ƙi a shiga musu gida, amma da suka ga na makwabci da idonsu, su da kansu suka riƙa zuwa kira. Kuma 'yan ƙauyen aka koya wa aikin. Inda aka koma niƙa dutse a gida, gubar ta dawo, aka sake gano ta don ana ci gaba da awo. Da an auna sau ɗaya an tafi, da ba wanda zai sani.

Baba Mamman:
Malam Sani, Allah ya jiƙan yaran nan. Amma ina da tsoro ɗaya. In aka manna lambobi a bango, wanda bai gane ba zai firgita, jita-jita ta tashi, a ce kayan garkar Arlit guba ne, masu garka su rasa kasuwa. Mutanen nan da ƙyar suke ci tun da aka rufe rami.

Maryama:
Baba, jita-jitar tana nan tun yanzu, kuma rashin lamba ne ke ciyar da ita. In aka auna tumatir da karas da ruwan garka aka ga lafiya lau, mai garka ya samu takardar da zai nuna. In kuma wata rijiya ce ke da matsala, a san ta a rufe ta ita kaɗai, sauran su tsira. A Munana ta ƙasar Gabon an rufe ma'adinin yuraniyom tun 1999, daga baya aka gano an gina gidaje da duwatsun rami, sai da aka rushe wasu aka sake ginawa. Mutane sun yi shekaru a cikinsu kafin nan. Gara a sani da wuri.

Baba Mamman:
Na ji, 'yata. In za a yi, to a yi da bayani, a rediyo, da Hausa da Tamashek, wanda ya san abin ya zauna ya amsa tambayoyi. Kada a manna takarda kawai a tafi.

Ɗan Ƙasa 227:
A nan na yarda da Baba. Kuma tunda mun ce mun karɓi ikon arzikinmu, hukumominmu su fara nuna mana bambanci ta nan. Su fitar da lambobin SOMAIR ma.

Ibro Akokan:
To alhamdu lillahi. Ga abin da nake gani za mu iya da hannunmu. Mu rubuta takarda zuwa ga hukumar gari da ta jiha, mu nemi a nuna wa jama'a taswirar inda kowace na'urar awon iska take, a riƙa fitar da sakamako duk wata 3 unguwa-unguwa, kuma a ajiye na'urar hannu ko guda ɗaya ce a gari, wadda mutum irin Hajiya zai iya nema a zo a duba masa ƙarfe ko bangon ɗaki. Mu kuma tambaya a rubuce: bayan shekara 5 ɗin nan na sa ido, wa zai ci gaba, da kuɗin wa? Injiniya, za ka taimaka da tsara ta?

Injiniya Lawali:
Da yardar Allah. Ka turo mini sunayen unguwanni ta akwatin sirri. Zan ƙara da buƙatar a sanya gwangwanayen radon a cikin ɗakunan kwana da azuzuwan makaranta, ba a waje kaɗai ba, kuma a sanya su da hunturu lokacin da ake rufe ƙofa da taga. Ba su da tsada, ba sa buƙatar lantarki. Sai dai a kai su ɗakin gwajin da ba na mai ma'adini ba.

Baba Mamman:
In kun gama ku kawo in sa hannu, zan kuma yi wa tsofaffin abokan aikina magana. Akwai waɗanda suka san titunan da aka yi wa ciko a shekarun baya, gara a tambaye su tun suna da rai.

Hajiya Zainabu:
Ku sa sunana ni ma. Ranar kai takardar ku faɗa mini da wuri in gaya wa matan unguwa, mu tafi tare.